Mun Kashe Firji

Ƙarfe biyu da rabi, Valparaíso ta yi lamo.
Motar haya ta ƙarshe ta gangara tudu,
karnukan Don Abelardo sun gaji da zagin wata.
Na taɓa kafaɗar Fresia, na ce tashi,
shiru ya nuna, mu tsinke shi kafin ya faɗo.

Makirfo ɗaya gare mu, shi ma na hannu,
na saye shi ran Lahadi wurin mai gyaran agogo
wanda bai san abin da yake sayarwa ba.
Kwamfutar ta girmi ɗan ƙanwata.
In ta ɗau zafi sai ta kama haki
kamar mai hawan matakalar gidanmu, ɗari da sha bakwai,
don haka na kore ta bayan ƙofa,
na haɗa mu da doguwar waya.

A falo muka fara, watan jiya.
Ɗaki ne mara kunya,
kowace kalma ta fita sai ta dawo da jela.
Na manna kwalayen ƙwai sittin a bango.
Mun ci ƙwai har muka tsani kaza,
amsa-kuwwa ko gezau.

Kakarta, Doña Uberlinda, ta ce daga kan gado,
"Ku shiga sif.
Shekarata tamanin da ɗaya,
ban taɓa jin tufafi sun mayar wa kowa magana ba."

To, ga mu.
Fresia a takure tsakanin rigunan marigayi Nibaldo,
kan jitarta ya leƙo waje don babu wuri.
Bargo biyu a ƙofa, katifa a jikin taga,
safar mata a ɗame kan lanƙwasasshiyar hanga
don kada iskar baki ta mari makirfo.
Taƙi guda tsakanin leɓe da ƙarfe.
Ni kuma idona kan ma'auni, kada ya taɓa ja,
abin da ya ƙone ba ya komawa ɗanye.

Saura ƙugi ɗaya, can ƙasa-ƙasa.
Na bi shi da kunne har kicin.
Na zare wayar firji.

Ɗauka ta farko, ta yi gaggawa.
Ta huɗu, cikina ne ya yi magana.
Ta shida ta yi kyau, kyau irin na hoton fasfo.
A ta tara ta manta da ni,
hancinta cikin kwat ɗin kakanta
mai warin gishiri da taba da igiyar jirgi,
murya ta fito ba ado,
har ana jin inda numfashi ke tuntuɓe.

Ana baitin ƙarshe wani jirgin ruwa ya busa ƙaho.
Ya keta katifa, ya keta bargo,
ya shigo ya zauna cikin waƙar.
Na kai yatsa zan goge.
Hannu ya fito daga sif ya riƙe ni.

Kwana uku ina gyara, yawanci ragewa.
Duk abin da na ƙara, da safe in cire.
Na saurara a waya,
na saurara a tasin Eleuterio muna hawan tudu,
na roƙi mai burodi ya sa a tsohuwar lasifikarsa,
wata mata ta tsaya da canjinta a hannu
har aka gama.

Mutumin gidan rediyo ya kira ran Talata.
Wane situdiyo ne, nawa kuka biya awa,
kuma a ina kuka samo wannan ƙahon?
Fresia ta dube ni, ta dubi kicin,
inda har yau ƙamshin lemon tsami bai ci ƙarfin abin ba.
Ta ce, "Kifi kilo biyu,
da madarar kakata."

Firjin dai sai da azahar muka tuna da shi.
Doña Uberlinda ba ta yafe ba tukuna,
amma ta hana kowa wanke kwat ɗin.