Muna Kunne?

Fusaina, ajiye tsintsiyar nan, zo riƙe mini waya.
Tambaya gare ni ga Mista Lamptey,
kuma kin san Turancina na bakin shago ne:
nawa, rage, dawo gobe.
Shi da yarensa na Ga, ni da Hausata,
shekara talatin da ɗaya muna haɗuwa a tsakiya,
kan wata gadar Turanci mai ɓallallun katakai,
ba wanda ya taɓa faɗawa ruwa.

Tun watan jiya muka tsayar:
Asabar ta ƙarshe, bakin teku, Jamestown,
shi ya kawo allon dara, ni in sayi dokunu da soyayyen kifi,
ban da barkono, likita ya hana shi.
Sai Korle Bu ta riƙe shi kwana tara.
An ce ya fito.
An ce. Ni dai ban ji muryarsa ba.

Da Bahaushe ne, da numfashi ɗaya ya isa:
Maganarmu tana nan?

Ta ce, Baba, ga yadda ake faɗi:
Are we still on for Saturday?
Na ce, on? Kamar fitila? Kamar rediyo?
Ni da na yi furfura ina gyaran fanka a Nima,
na san on, na san off,
na sha girgizar waya mai rai har sau bakwai,
amma ban taɓa jin ana kunna mutum biyu ba.

Ta ce to ga wata: Is Saturday still good for you?
Na ce a'a. Wannan dubiya ce ta sa rigar tambaya,
zai gane, kuma zai ji haushi.
Just checking fa?
Wannan bakin mai bin bashi ne.
Or shall we postpone?
Kul! Kada ki nuna wa mai ciwo ƙofar baya,
bi zai yi, don kunya.
Mayar da ta farkon, ta fitilar.

Ta aika.

Aka kira la'asar.
Yaran mota suka ƙare muryarsu kan Circle, Circle,
Hajiya Memuna ta kankare gindin tukunyar wake da shinkafa,
na kwance fanka ɗaya na ɗaure, ba abin da ke damunta.
Magariba, shiru.
Na ce wa Fusaina ko kuɗin wayar ne suka ƙare,
ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Unguwa ta yi ihun da ta saba,
wani ya tsine wa kamfani daga saman bene,
sauro suka karɓi aiki.

A cikin duhun nan ne aljihuna ya yi haske.
Ban kira kowa ya karanta mini ba,
wannan kam na shagona ne:

On. Bring pepper.

Duk Nima a kashe,
tsofaffi biyu a kunne.
Fusaina, gobe ki tuna mini barkonon,
kaɗan dai, a ƙulle daban,
kada matarsa ta gani.