Kafin Ƙanƙara Ta Narke

Ana sallame asuba na fito daga Asawase,
kula a kafaɗa, ƙanƙara huɗu a cikinta,
sunaye bakwai a takarda.
Mai koko ba ta sauke tukunya ba tukuna.
Gara haka:
aikina da cikin da bai karya ba ne.

Gidan farko Aboabo, tsallaken lambatu.
Tanko mahauci,
shekara arba'in yana kwantar da bijimai,
jini har gwiwar hannu, bai taɓa ƙifta ido ba.
Na zaro allura, ya juya fuska ga bango
yana jan Ƙulhuwallahu ba numfashi.
"Dunƙule hannu, Baba."
"Kin gama?"
"Ban fara ba."
Jikoki na ƙunshe dariya a bayan labule.

Jijiya halin mutane gare ta.
Wata tana fili kamar igiyar shanya,
wata sai an yi mata sallama da ɗan yatsa,
wata da jin sanyin auduga
sai ta mirgine ta ɓuya.
Ido ba ya samo ta. Yatsa ke gani.

A Alabar Mame Akosuwa ta riƙe mini wuyan hannu:
"Ina za ki kai shi?"
Da Tonanci ta tambaya, da Tonanci na amsa.
Na san abin da ake faɗa cikin mota,
wai jinin mutane ake juyawa ya zama sidi.
Na nuna mata takalmina da ya wage baki.
Ta yi dariya har jijiyar ta fito da kanta.

Mai jan murfi, mai shunayya, mai ruwan toka ta sikari.
A juya a hankali, kada a girgiza.
Doka guda aka hore mu a kai:
ba a rubuta suna a kwalba
sai a gaban mai sunan, bayan jini ya shiga.

Jiya da dare na karya ta.
Hajiya Lariba ce, ta bakwai.
Wata goma sha ɗaya ina zuwa mata duk Talatar farko.
Na haddace hannunta na hagu,
tabon man suya, da inda jijiyar ke laɓewa.
Takan ajiye mini farin goro ƙarƙashin matashi,
ta ce, "Rahinatu, ke kaɗai ce ɓarauniyar
da nake bai wa tukuici."
Sai na rubuta sunanta tun a ɗaki
don in rage wa safiya aiki.

Na sha kwanar layinsu hantsi ya ɗaga.
Rumfa. Kujerun roba.
Takalma tuli a ƙofa, butoci a jere.
Ƙanwarta ta hango farar rigata,
ta ɗaga hannu, ta sauke.
"Cikin dare ne," ta ce.
"Ƙarfe takwas ta ture kwanon tuwo,
wai mai allura na tafe,
kada a ɓata mata awo."

Na zauna a tabarma, kula a kan cinya.
Na yi addu'a iya abin da baki ya iya.
Cikin akwatin mutum shida na jira,
ba su san Hajiya ba,
jininsu kuwa ba ya zaman makoki.
Ƙanƙara ta fara gumi.

Na miƙe.
Ƙanwar ta biyo ni har bakin titi,
ta damƙa mini wani abu ƙulle a leda.
Ban buɗe ba. Na san nauyinsa.

A ɗakin awo na miƙa shida,
aka ƙirga, aka sa hannu.
Ta bakwai tana aljihuna,
ba kome cikinta,
sai suna a jiki, da kwanan watan yau,
da rubutuna mai tsabta,
irin na wadda ba ta cikin sauri.

Gobe Sawaba ce, sunaye tara.
Kwalaben na kan tebur, farare fat.
Ban rubuta ko ɗaya ba.