Ƙusa Ɗaya Tak

Ranar da Mama Ronke ta miƙo mini makulli
sai ta ɗaga yatsa, ta nuna bango:
"Kin ga fentin nan? Da gumina aka shafa shi.
Ban da guduma, ban da ƙusa."
Na ce to.
Mai kwana a inuwar wani ba ya sassabe reshe.

Ɗaki da falo a Ketu, bayan masu wankin mota,
gida na huɗu cikin shekara tara.
Agege ta koya mini ɗaurin kaya,
Mushin ta koya mini barci da kunne ɗaya,
Idi-Araba kuwa, daren da ruwa ya kai gwiwa,
ta ce komai nawa ya nemi ƙafa.
Shi ya sa gadona ke tsaye kan bulo huɗu
kamar zalɓe a bakin fadama.

Na share, na wanke, na kunna turaren wuta
don warin wanda ya tashi ya bi sahunsa.
Sai ga ta can, hannun dama da ƙofa,
ƙusa ɗaya, kanta a lulluɓe da fenti,
wani ɗan haya ya bari, ko mantuwa ko sadaka.
Allah ya saka wa hannun da ya buga ta.

Nan fa gardama ta tashi.
Ɗanliti ya ce agogo, kada jirgin safe ya bar shi.
Na ce madubi.
Shamwilu ya kawo zanen jirgin ruwa da ya yi a makaranta.
Faifan da Inna ta saƙa mini a Malumfashi bai ce uffan ba,
yana leƙe daga bakin jaka.
Ƙarshe muka mai da ita adashi,
kowa da makon ɗaukarsa.
Makon madubi Ɗanliti kan makara,
makon agogo ni kan ɗaura ɗankwali a karkace,
amma makon faifai, wallahi,
har tuwo kan canja ɗanɗano.

Sauran duk dabara ce.
Igiya daga ƙarfen taga zuwa marikin ƙofa,
atamfar sunan Shamwilu ta hau, ta zama labule,
in an ja ta ɗaki biyu ne, in an naɗe fili ne na baƙi.
Akwatunan katako uku daga kasuwar Mil Sha Biyu,
da rana kanta, da dare kujeru.
Inda danshi ya zana taswirarsa
na jingina tabarma mai ja da kore, muka rufa wa juna asiri.
Gwangwanin madara a taga, ɗoɗɗoya a ciki,
tana shan hayaƙin janareto, tana tsiro abinta.

Tsawon yaro kuwa, na yi hankali.
A Agege bango na riƙa zanawa da gawayi,
muka tashi muka bar shekara uku na ɗana a gidan mutane.
Yanzu sandar gora ce, ina tsaga ta da wuƙa,
inda muka nufa tana gaba.

Jiya Mama Ronke ta shigo karɓar kuɗin wuta.
Idonta ya bi bango, kusurwa kusurwa,
bai sami rami ba.
Ta zauna kan akwati, ta shaƙi turare, ta yi shiru,
ta roƙi reshen ɗoɗɗoya don miyarta.
A bakin ƙofa ta juyo, kamar mai jin kunya,
ta ce baɗi haya za ta ƙaru.

To, Ikko ce.
In ta kama, awa biyu sun isa,
gidana duka zai shige mota ɗaya.
Ƙusar ce kawai ba tawa ba.
Zan goge mata tsatsa da man gyaɗa,
in bar ta tana jiran na gaba.