Ta Bakwai

Bayan isha'i Hindawiyya na huci,
na'urar sanyi na tari a bango.
Na sauko da akwatin nan mai ƙaho huɗu
daga kan firji, na hure masa ƙura.
Wata uku intanet na tafiyar hawainiya,
riyal ɗari biyu kuwa ba sa makara ranar biya.

Ɗari da casa'in da biyu, ɗigo,
ɗari da sittin da takwas, ɗigo, ɗaya, ɗigo, ɗaya.
Zaure ya buɗe.
Ashe mabuɗin da kamfani ya liƙa a gindinsa
shi ne har yau ke gadin ɗakin sarrafawa,
kamar mai shago ya datse kwado
ya bar ɗan makulli yana lilo.

Na sauya shi. Na ɗauko sunan rijiyar garin kakana,
na haɗa da shekarar da jirgin ruwa ya ajiye shi a Jidda,
na barbaɗa alamomi kamar yaji a kan tsire.
Na leƙa tashoshi: ta shida ta cika maƙil,
duk benen nan a kanta muke turereniya
kamar motar Makka daren ashirin da bakwai.
Na koma sha ɗaya, babu kowa sai iska.
Na yanka wa wayar Rumaisa lokacin barci,
goma na bugawa ruwa ya ɗauke.
Gobe ma yi shari'ar a kan shayi.

Sai na buɗe jerin masu ɗiba a rijiyata.
Tawa. Ta maiɗakina. Talabijin.
Allon Rumaisa, wayarta, kwamfutar Mu'azzam.
Shida ke nan.

Ga ta bakwai.
Ba suna, sai lamba, haruffa da ƙidaya a cakuɗe,
tsohuwar waya mai jan numfashi daga nesa.
Na ce yauwa, ga ɓeran da ke huda min buhu.
Na kai yatsa kan maɓallin toshewa,
sai na ce bari in karanta littafin shige da fice.

Ƙarfe ɗaya na dare take shiga.
Ɗaya da kwata ta fita.
Jiya haka, shekaranjiya haka,
abin da take ɗiba bai cika ludayi ba.

Na dubi agogo: ɗaya saura biyar.
Na kashe na'urar sanyi, na zauna.

Ta bayan bango, inda siminti ya tsage,
muryar Iya Tambai mai ƙosan bakin masallaci:
Ɗanjuma, kana ji na?
Ɗanjuma?
Kana ji na?
Bara aka kwashe shi a samamen iƙama,
yanzu yana Gusau yana faci,
sha ɗayan darensu yake rufe rumfa.
Sau uku take kiran sunan
kafin sunan ya ƙetare teku.

Wa ya ba ta kalmar sirri, ban tambaya ba.
Na dai tuna Mu'azzam na shigowa da ƙosai
ba tare da ya karɓi kuɗi a hannuna ba.
Na sake duba ma'auni, ga ainihin gafiyar:
kwamfutarsa, mai kwana tana haɗiyar wasanni
tun magariba har kiran assalatu.
Ita na ɗaure wa mudu.

Ta bakwai kuwa na goge mata lamba,
na rubuta Iya,
na ja ta sama a layin fifiko,
gaba da talabijin, gaba da tawa.
Na juya ƙaho ɗaya ya kalli bangon.
Na danna ajiye.

Fitilu suka mutu, suka farfaɗo kore ɗaya bayan ɗaya.
Washegari da dare ban yi barci da wuri ba.
Ɗanjuma, kana ji na?
Sau ɗaya ta faɗa.
Sai dariya, sai labarin tsadar wake.