Kwaɗo Uku Daga Sabon Gari

Kwana biyu muka yi a Gezawa wurin suna,
muka dawo Kurna da la'asar sakaliya.
Ƙofa a wangale kamar bakin mai hamma,
kwaɗon a ƙasa, an raba shi biyu.
Hansatu ta tsaya da goyo, ba ta ce uffan ba.

Sun ɗauki talabijin, sun bar mana rimot.
Sun ɗauki tukunyar gas da rabin buhun shinkafa,
da keken ɗinkin Inna,
mai fedar da ta goge daidai tafin ƙafarta.
Ƙafafunsa huɗu sun bar tabo huɗu a siminti,
shekara goma sha tara a wuri guda.
Ɗayansu ya sha ruwa a randa,
ya rufe, ya kife moɗa yadda ake kifewa.
Wannan ya fi ci mini rai:
ɓarawon da aka yi wa tarbiyya.

Maƙwabta suka cika soro.
Allah ya mayar da alheri, Allah ya tona asiri.
Malam Tanimu ya ce ya ji motsi wajen ƙarfe biyu,
ya zaci kyanwa ce.
Kyanwa mai ɗaukar keken ɗinki!
Na ce amin, na haɗiye sauran.
A caji ofis aka tambaye ni lambar keken.
Na ce mai shi ce ta sani,
ita kuwa bara ta koma.

Dare uku ina kwana da taɓarya a gefen katifa.
Ɓera ya taɓa kwano, in miƙe.
Labule ya motsa, in miƙe.
Kowa na gaisar a layi, sai in dubi takalminsa.

Ran Asabar na hau adaidaita, neman kwaɗo.
Cunkoso ya riƙe mu a Yankura har magariba,
sai ga fitilu.
Na manta makon Kirsimeti ne.
Ja, kore, ruwan ɗorawa,
sun naɗe jikin darbejiya suna ƙifta ido,
tauraron kwali a saman shagon taya,
bishiyar roba da aka yafa wa auduga,
ga wani tsoho na leda mai jar hula, cike da iska,
in janareta ya yi tari sai ya rusuna,
kamar yana gaida sirikai.
Na yi dariya, ta farko tun Talata.

Amma ji abin da idona ya koya:
na tsinci kaina ina lissafi,
wannan wayar fizga ɗaya ce,
wancan tauraron ko tsani ba ya buƙata.
Ashe sun tafi da keke, sun bar mini idonsu.

Madam Obiageli na kan benci tana rataya nata.
Ta sauko, ta ba ni kwaɗo uku masu nauyi,
Hausarta ta fi tawa kaifi.
Ta ce, bana sau biyu aka fasa mini shagon nan.
Na ce, kuma kike rataya kaya a waje?
Ta ce, in na kulle shi a ciki, wa zai gani?
Ta tura mini guntuwar igiyar fitila a leda,
rabin ƙwayayen sun mutu.
Gyara ce, in ji ta, kai wa yara.

Hansatu ta ce a ajiye sai Maulidi.
Mudan bai jira ba,
ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya kewaye tabon nan huɗu,
ya jona, babu wuta, ya yi barci a wurin.

Ƙarfe biyu aka kawo wuta,
lokacin kyanwar Malam Tanimu.
Na zabura da taɓarya a hannu.
Ba kowa.
Ja da kore ne ke ƙiftawa inda Inna ke zama.
Na daɗe a tsaye.
Na duba kwaɗunan uku ɗaya bayan ɗaya,
na koma, ban kashe ta ba.
Taɓaryar dai har yau ba ta koma gindin turmi ba.