Ƙugiyoyin Ige

An ce in kwashe ɗakin nan kafin Litinin,
za a zuba kwamfutoci.
Na ɗaga ƙunshin farko, gara ta riga ni karatu,
ta cinye shekara uku, ta bar mini kwanan wata.

Kafin a yi ofis, allo ne jingine da bedi
a bakin ƙofar kwalejinmu, hanyar Boɗinga.
Malam Haliru Mu'alleɗi ya rubuta da alli,
ruwan Agusta ya zo ya share,
ya sake rubutawa.
Shi ke nan hulɗa da jama'a:
mutum ɗaya, alli ɗaya, da haƙuri.

Sai aka ba shi ɗaki, rabi nasa rabi na tsintsiya,
da tafireta mai tari kamar tsohon jaki,
da Ige 'yar Gidan Igwai, mai yatsu kamar ana shiƙa.
Suka raɗa wa takardar suna Sankira,
shafi biyu, wata-wata, in tawada ta yarda.

Tafiretar ba ta san ƙugiya ba.
Ba ta da ɗa, ba ta da ƙa, ba ta da ɓa.
Ige ke bin kowane kwafi da alƙalami,
tana lanƙwasa wa haruffa kai
kamar mai ɗaura wa yara ɗankwali ranar Sallah.
Kwafi ɗari biyu. Har a kira Isha.

Shekarar da famfo ya ƙafe,
shugaba ya ce a daure har ruwa ya dawo.
Hannun Ige ya saba, gyangyaɗi ya taya shi,
ya sa ƙugiya inda babu:
a ɗaure har ruwa ya dawo.
Kafin Laraba iyaye sun sauka daga akori-kura,
daga Dange, daga Kware, wani tsoho daga Silame
da sandarsa, yana tambaya:
"Wane ɗa aka ɗaure? Mi yay yi?"
Malam Haliru ya shimfiɗa tabarmi,
ya sayo fura da kuɗin aljihunsa,
ya yi bayani sau arba'in, bai ambaci Ige ba.
Ni a ganina ran nan aka haifi ofishin,
ba ranar da aka yanka kyalle ba.

Sauran tarihin ga shi a ƙasa.
Injin gurzawa da ya baƙanta farcen kowa.
Hotunan Modi, shugabanni bakwai,
duk a kujera ɗaya, ita ce ba ta yi ritaya ba.
Kalandar da ta fito a watan Mayu.
Mujalla mai sheƙi da aka buga sau ɗaya
don baƙon da bai zo ba.
Da wata takarda mai tabon mai,
wadda wata uwa ta dawo mana da ita daga Kasuwar Daji.
An naɗe mata ƙosai a ciki,
jikarta ta karanto sunan ɗanta
cikin waɗanda suka gama koyon walda.
Ba ƙorafi ta kawo ba.
Sabon kwafi take so, wanda bai ga mai ba.

Malam Haliru ya kwanta dama.
Ige ta koma Yabo, idon ya yi rauni.
Sanarwa yanzu a waya take tashi,
kafin ka ɗaga kai ta kai Illela,
tsirara, ba ƙugiya ko ɗaya,
kasa da ƙasa duk ɗaya, baki da baƙi duk ɗaya.

Yaran ofis na yi mini dariya
in na danne harafi ina jiran ya lanƙwasa.
Ku yi dariyarku.
Ni na ga tsohon Silame da sandarsa.

Tafiretar kuwa ban sa ta a lissafi ba.
Tana bayan babur ɗina, cikin buhun gero.