Bencin Baya

Yau ma a bencin baya na zauna,
inda iskar fanka ba ta kaiwa.
Aka shigo da Munkaila. Wuyansa ya ƙara tsawo,
rigar da na ɗinka masa da sallah ta koma kamar ta aro.

Lauya Ofosu ya miƙe gaban alƙalai uku:
"An tare tasin nan a mahaɗar Anloga, sha ɗayan dare.
Wa ya ga lokacin da aka buɗe but?
Direba na bakin kwalbati, hannu a ƙeya.
Ɗan sanda ɗaya da tocila,
shi ne ido, shi ne alƙalami.
A takardarsa ƙulli arba'in,
a gaban kotu arba'in da biyu.
Haihuwa suka yi a caji ofis?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Arba'in da biyu ne.
Ni na ƙirga.

Ni na naɗe su a ledar burodi,
na cusa ƙarƙashin tayar safaya
yana alwala a bakin famfo, a Aboabo.
Na ce gobe da asuba zan ɗauke kayana.
Ashe goben shekara goma ce,
kuma ba a kaina ta faɗo ba.

Inna ta sayar da tukwanen wake da shinkafa,
har da babbar, mai kunne ɗaya,
ta ƙulle kuɗin lauya a bakin zane.
Kullum bayan lisha sai ta ɗaga hannu:
"Allah ka tona asirin wanda ya yi wa ɗana haka."
Ina zaune a dokin ƙofa.
Ina cewa amin.

Tasin tana can a harabar 'yan sanda,
tayoyi sun zauna, ciyawa ta leƙo ta bamba,
casbinsa na rataye a madubi har yanzu.

Alƙali na tsakiya ya rufe fayil.
An ɗage, sai bayan hutun kotu.

Da za a fita da shi ya waiwayo,
ya ɗago hannuwa biyu, don ankwa ba ta barin ɗaya:
"Yaya, na gode da ɗawainiya."

A waje ruwan Kumasi ya kece.
Kowa ya ruga neman rumfa.
Na tsaya.
Bai wanke komai ba.